Yawan ambato ne ke nuna girman masanin ciwon hanta?

Dakta Nafisa: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai. A sashenmu an ce kowane mai neman ƙwarewa ya zaɓi masanin ciwon hanta guda ɗaya, daga ko'ina yake a duniya, ya bibiyi aikinsa, ya zo ya yi bayanin tasirin da ya yi. Na buɗe shafin wani farfesa a Google Scholar, dandalin da ke tattara maƙalun masana: maƙalu ɗaruruwa, ambato (wato sau nawa wasu marubuta suka kafa hujja da maƙalunsa) dubun-dubata, ma'aunin h ɗinsa ya haura 100. Da na jera maƙalun daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai na ga na saman nan kusan duk ƙa'idojin magani ne da kwamiti ya rubuta, ko kuma ƙiyasin yawan masu cuta a duniya, sunansa yana can tsakiyar dogon layin sunaye. Sai da na gangara sosai kafin na iske binciken da shi da kansa ya jagoranta. To wanne zan ce shi ne aikinsa? Kuma lambar nan da ke gefen hotonsa, har ina zan yarda da ita?

Yusuf (ɗalibi): Wa alaikumus salam, Anti Nafisa. Kafin manya su shigo, don Allah wani ya fayyace mana ma'aunin h ɗin nan. Kullum muna ji ana faɗa, yadda ake lissafa shi ne ba a taɓa nuna mana ba.

Malam Kabiru (laburare): Yusuf, ba shi da wuya. Ka jera maƙalun mutum bisa yawan ambaton da kowacce ta samu. In yana da maƙalu 40 da kowaccensu aka ambace ta aƙalla sau 40, to h ɗinsa 40 ne. Wani masanin fiziks ne ya fito da shi a 2005, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Nufinsa a haɗa yawan rubutu da yawan ambato a lamba ɗaya, ta yadda mai maƙala ɗaya tak da ta yi tashe ba zai sha gaban kowa ba, haka shi ma mai zuba rubutun da ba wanda ke waiwaya.

Dakta, ki lura da halin lambar. Ba ta taɓa sauka, ko mutum ya ajiye bincike shekara 20 da suka wuce. Saboda haka tsoho kullum yana gaban yaro. Kuma babu ruwanta da inda sunanka ya faɗo: wanda ya tsara binciken ya rubuta shi da wanda ya aika da alƙaluman asibitinsa kawai, kowa ambato ɗaya cur zai ɗauka. Sannan ki buɗe mutumin nan a rumbunan bayanan maƙalu na Scopus ko Web of Science, za ki ga lambar ta ragu, domin Google Scholar yana ƙirga har kundin ɗalibai da takardun da ba a riga an tantance ba, su kuwa waɗancan mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa.

Dakta Bashir: Ni dai ina roƙon kada a fara da rushe lambobin nan. Mu tuna abin da ake yi in babu su: wa ka sani, wa ya koyar da kai, wace jami'a ka fito. Lamba aƙalla kowa yana iya dubawa, ba a ɗaki ake ƙulla ta ba. Kuma Nafisa, zancen cewa sunansa a kwamiti yake, ai ba a kiran mutum kwamitin rubuta ƙa'idojin ƙungiyar masana hanta ta Turai ko ta Amurka sai an ga aikinsa tukuna. Zamansa a wurin ma shaida ce.

Dakta Nafisa: Yaya Bashir na yarda ba a banza ake gayyatar mutum ba. Amma ka ga an ƙirga masa abu ɗaya sau biyu ke nan. Aikinsa ya kai shi kwamiti, kwamitin kuma ya ninka masa ambato.

Farfesa Aminu: Sannunku da muhawara. Nafisa 'yata, tambayarki mai kyau ce, bari in ɗauko ta daga gefen gadon majinyaci.

Kowace safiya in muka zagaya, akwai wanda za mu tsaya a kansa cikinsa ya cika da ruwa, idonsa ya yi shawara. Sai in ce ya miƙa hannuwa gaba ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota, mu zuba ido mu ga ko hannun zai riƙa faɗuwa yana tashi, alamar ciwon hantar ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙaramin likita ya juya bayan fayil ya rubuta abu 5: bilirubin da albumin (sinadarai ne da ake aunawa a jini), jinkirin daskarewar jini, ruwan ciki, ruɗewar ƙwaƙwalwa. Kowanne maki 1 zuwa 3. In jimillar ta tsaya 5 ko 6 aji A ne, 7 zuwa 9 aji B, 10 zuwa 15 aji C. Da wannan lissafin ake yanke ko zai jure tiyata, ko wane magani za a rage masa, ko me za a faɗa wa iyalinsa. Shi ake kira ma'aunin Child-Pugh. Child da Turcotte ne suka fara tsara shi a 1964, Pugh da abokan aikinsa na asibitin King's College a Landan suka gyara shi a 1973, a cikin wata maƙala ta tiyata kan zubar jini daga jijiyoyin maƙoshi. Ma'aunin ma ba shi ne kan maganar takardar ba, jadawali ne a cikinta.

An ambaci maƙalar Pugh sau dubbai, gaskiya ne. To amma sau nawa aka yi wannan lissafin a bayan fayil a duniya tun 1973? Babu kwamfutar da ta ƙirga. Ambato yana nuna miki marubuta nawa suka bukaci aikin mutum lokacin da suke nasu rubutun. Likitan da ya yi aiki da shi da ƙarfe 2 na dare ba ya cikin lissafin, domin shi ba rubutu yake yi ba.

Sista Rabi: Ranka ya daɗe, wallahi haka ne. Mu a ɗakin jinya har a takardar magunguna muna ganin an rubuta kada a ba mai aji C, ko a rage wa mai aji B. Ban taɓa sanin sunayen mutane ba ne sai yau.

Dakta Hauwa (lafiyar al'umma): Ina so in ƙara wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da fagen hanta musamman. Yawan ambaton da za ka samu ya dogara da yawan masu rubutu a ɓangarenka. Rijiyar bakin hanya ta fi samun guga, ba don ruwanta ya fi na sauran ba.

Ku dubi kitsen hanta. A 2016 Zobair Younossi da abokansa suka fitar da maƙala a mujallar Hepatology, suka tattara binciken wasu suka haɗa lissafi, suka ce kusan kashi 25 cikin 100 na balagaggun mutane a duniya suna da kitse a hanta ba tare da giya ce sanadi ba. An ambace ta fiye da sau 10,000. Dalili a fili yake: duk wanda zai rubuta wani abu kan kitsen hanta, layin farko na gabatarwarsa yana bukatar alƙalamin da zai nuna girman matsalar, sai ya ɗauko wannan. Kuma masu rubutu a fagen suna da yawa ƙwarai, domin cuta ce da ta addabi ƙasashen da ke da kuɗin bincike, kamfanonin magani ma sun zuba dukiya suna neman maganinta.

Yanzu ku dubi ciwon hanta na B. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, masu na C miliyan 50. Su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, kashi 83 cikin 100 na mace-macen daga B ne. Kashi 13 kacal na masu B aka gano suna da shi, waɗanda suka samu magani kusan kashi 3. Yankin Afirka shi ke da kashi 63 na sababbin kamuwa, amma jarirai kashi 18 ne kawai a yankin ke samun allurar rigakafin ranar haihuwa. Wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan yadda allurar nan za ta isa ga jariri cikin awa 24 da haihuwa, mutum nawa ne ke rubutu a gefensa da za su ambace shi?

Dakta Bashir: Hauwa, a nan kin matsa da yawa. Kina magana kamar kitsen hanta cutar masu kuɗi ce da aka kumbura. A maƙalar da kika kawo ɗin, Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka ne suka fi kowa yawan masu ita, ba Turai ba. Tana tafiya da ƙiba da ciwon suga, su kuwa waɗannan babu nahiyar da suka bari. Abin da ya shafi mutum 1 cikin 4 dole a yi rubutu a kansa da yawa. Kuma aikin tattara alƙaluma ba ƙaramin aiki ba ne, da shi gwamnatoci ke sanin abin da ke tafe.

Dakta Hauwa: Ban ce ba cuta ba ce, Yaya Bashir, kuma ban rage wa maƙalar komai ba. Abin da nake cewa shi ne kada a ɗora lambar mai aiki kan kitsen hanta kusa da ta mai aiki kan B a ce wannan ya ninka wancan daraja. Kuma tun da ka ɗauko rabe-raben yankuna, ka duba na Afirka a takardar: kusan kashi 13, mafi ƙanƙanta, kuma daga bincike 'yan ƙalilan aka samo shi. Duk da haka alƙalamin yana ta yawo daga maƙala zuwa maƙala. Kowane ambato yana ƙara masa kwarjini, amma bai ƙara masa majinyaci ko ɗaya da aka auna ba.

Malam Kabiru: Abin da Dakta Hauwa ta taɓo sananne ne a wajenmu. Akwai nau'in maƙalar da ke jan ambato ko a wane fage: ta hanyar aiki, ta ma'auni, ta bita, ta ƙa'idoji. Da mujallar Nature ta jera maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi a 2014, ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, ambato sama da 300,000. A fagenku ma haka ne. Maƙalar David Kleiner ta 2005 da ta tsara yadda ake ba tsokar hanta maki a ƙarƙashin madubi tana cikin waɗanda aka fi ambata kan kitsen hanta, domin duk wanda ya yi amfani da makin dole ya ambace ta.

Sai batun yawan sunaye. Sanarwar da aka sauya wa cutar kitsen hanta suna da ita a 2023, masana 236 daga ƙasashe 56 ne suka shiga shawarar, kuma mujallu 3 suka buga ta a tare. Manyan ƙiyasin cututtuka na duniya kuwa wasu suna ɗauke da sunaye ɗaruruwa. Mutum zai iya shiga irin waɗannan 'yan kaɗan kawai, jimillar ambatonsa ta tashi sama da ta wanda ya shekara 30 yana bin majinyatansa.

Yusuf (ɗalibi): Malam, to mutum ɗaya zai iya rubuta maƙalu ɗaruruwa da gaske? Ni rahoton majinyaci ɗaya muke ta fama da shi tun bara.

Malam Kabiru: John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa sun duba wannan a 2018. Sun samu mutum fiye da 9,000 da suka taɓa fitar da maƙala sama da 72 a shekara guda tsakanin 2000 da 2016, wato kusan ɗaya duk kwana 5. Mafi yawansu masana fiziks ne da ke cikin manyan ayyukan haɗin gwiwa, amma akwai likitoci a ciki. Shugaban babbar cibiya da ke riƙe da rumbun bayanan majinyata, duk wanda ya ɗebi bayanai daga rumbun zai sa sunansa. Ba lallai ha'inci ba ne. Amma ba daidai yake da a ce ya zauna ya rubuta ba.

Farfesa Aminu: Yusuf ɗana, ci gaba da fama da rahotonka. Jurgen Ludwig da abokansa na asibitin Mayo, majinyata 20 kawai suka bayyana a 1980, mutanen da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Fagen bai cika da jama'a ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990. Da a ce a 1985 aka auna Ludwig da abin da takardar ta tara, da ba a ga abin da ke cikinta ba. Duk dubban ambaton da Hauwa da Bashir ke jayayya a kai, a kan majinyatan nan 20 aka ɗora su.

Irin wannan jinkirin ya faru da B ma. Maƙalar Baruch Blumberg ta 1965, wadda Harvey Alter yana cikin marubutanta, ta bayyana wani sabon abu da aka gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, kuma takenta ma kan jinin masu kansar jini yake magana. Sai daga baya aka gane ashe ɓawon ƙwayar cutar hanta ta B ce. Daga nan gwajin tantance jinin da ake ƙara wa mutane ya fito, rigakafi ya biyo baya, Blumberg ya karɓi kyautar Nobel a 1976.

Dakta Nafisa: Ranka ya daɗe, wannan ya kawo ni kan batun matsayin suna. An koya mana sunan farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ne uban tafiya. In na ware maƙalun da farfesan nan yake farko ko ƙarshe, na yi adalci?

Farfesa Aminu: Kin kusa, amma ki yi hattara. Ki ɗauki gano ƙwayar cutar hanta ta C. Maƙalar 1989 a mujallar Science, Qui-Lim Choo ne sunan farko, George Kuo yana ciki, Michael Houghton ne na ƙarshe, su ukun duk a kamfanin Chiron. Shekaru suka yi suna lalube babu nasara kafin su kama ta. A 2013 aka ba Houghton kyautar Gairdner ta Kanada, ya ƙi karɓa saboda ba a haɗa da Choo da Kuo ba. Da Nobel ta zo a 2020, ƙa'idarta mutum 3 ce, aka ba Alter da Houghton da Charles Rice. Kin ga wanda ya fi kowa sanin yadda aikin ya gudana ya ce rabon bai yi daidai ba. In kwamitin kyauta da ya zauna ya yi nazari bai iya raba aikin mutum 3 yadda su kansu za su gamsu ba, jerin sunaye a saman takarda ba zai raba miki shi tsaf ba. Ki karanta sashen da mujallu da yawa ke sawa yanzu a ƙarshen maƙala, inda ake faɗin wa ya tsara, wa ya tara bayanai, wa ya rubuta.

Dakta Bashir: Ranka ya daɗe, da izininka. Duk misalan da ake kawowa, Pugh, Ludwig, Blumberg, Choo, ai maƙalunsu an ambace su sosai daga ƙarshe. Ku ƙara da Palmer Beasley: ya bi maza 22,707 a Taiwan, ya fitar a mujallar Lancet a 1981 cewa masu ɗauke da B sun fi sauran haɗarin kansar hanta nesa ba kusa ba. Ita ma tana cikin manyan maƙalun da ake ambata. Wato lambar tana kama aikin kirki, ko da ta makara. Ku nuna mini babban aikin da ta rasa gaba ɗaya.

Dakta Hauwa: Ba sai ta rasa shi gaba ɗaya ba. Ya isa a ce ta auna shi ƙasa da nauyinsa, a lokacin da mai aikin ke bukatar ƙarin girma ko kuɗin bincike.

Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin B a 1984. Sai 1997 Mei-Hwei Chang da abokanta suka iya nunawa cewa kansar hanta a yara masu shekara 6 zuwa 14 ta sauka daga 0.70 zuwa 0.36 cikin kowane 100,000. Shekara 13 kafin sakamako. Binciken rigakafin B na ƙasar Gambiya ya fi haka tsawo. An fara shi a 1986, gwamnatin ƙasar da hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon da majalisar binciken lafiya ta Birtaniya. Yara kusan 125,000 aka shigar cikin shekara 4, ana ƙara rigakafin B a yanki bayan yanki har ya game ƙasar. Tun ranar farko sun san sai an jira shekara 30 ko fiye kafin a ga ko kansar ta ragu a manya. Don a gane mutum bayan ya girma, sai da suka ɗauki hoton tafin hannu da tafin ƙafar jariran, suka kuma bambanta wurin da ake yin allurar BCG a hannu, ta yadda tabon zai nuna ko yaron yana rukunin da aka yi wa rigakafin B.

Yaya Bashir, ka yi tunanin matashin da ya shiga aikin nan a farkonsa. Shekarun da takwarorinsa ke tara maƙalu, shi yana tabbatar da sanyin allura bai yanke a hanya ba, yana adana katunan jarirai. Wane kwamitin ƙarin girma ne zai jira shi?

Dakta Bashir: Wannan na ji shi. Amma matsalar kwamiti ce, ba ta lamba ba.

Dakta Hauwa: Kwamitin ai lambar yake dubawa.

Sista Rabi: Ni tambayata ga Dakta Hauwa, a cikin masu aiki kan B a Afirka akwai wanda aikinsa ya sauya abin da ake yi wa majinyaci yanzu? Saboda abin da muke gani, mutum ya zo an ce yana da shi, a rubuta masa gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, ya tafi bai dawo ba don gwajin ya fi ƙarfinsa.

Dakta Hauwa: Akwai, Sista. A Gambiya ɗin dai, aikin PROLIFICA da Maud Lemoine da abokanta suka fitar a 2016 ya nuna za a iya bin mutane har unguwanninsu a gwada su, a kai masu bukata ga magani. Daga bayanan aikin Yusuke Shimakawa ya fitar da ma'aunin TREAT-B a 2018, mai amfani da gwajin jini 2 kawai, ALT (sinadarin da ke tashi in hanta ta taɓu) da HBeAg (alamar ƙwayar B tana hayayyafa), don a gane wanda ya kamata a fara wa magani inda babu na'urar auna yawan ƙwayar. Sannan a Maris 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani. Yanzu ma'aunin APRI, wanda ke ƙiyasta tabon hanta, kuma gwajin AST (ɗan'uwan ALT) da filetlet (ƙwayoyin daskarar da jini) kawai yake bukata, in ya haura 0.5 ya isa dalilin farawa, alhali a ƙa'idar 2015 sai ya haura 2 ake ɗaukarsa alamar ƙandarewar hanta. Kuma an faɗaɗa ƙofa ga wanda ALT ɗinsa ya daɗe a sama ko da ba a samu gwajin ƙwayar ba. Wannan sauyin zai taɓa mutanen da kike gani suna tafiya ba sa dawowa.

Dakta Nafisa: Malam Kabiru, saura abu ɗaya. A shafin jami'ar farfesan an rubuta yana cikin kashi 2 na manyan masanan duniya, jerin Stanford. In sa shi a bayanina?

Malam Kabiru: Ki sa, amma ki faɗi abin da yake. Ba kyauta ba ce da jami'ar ta zauna ta bayar. Rumbun alƙaluma ne da Ioannidis da abokansa ke fitarwa daga bayanan Scopus na kamfanin Elsevier. Ya fi ma'aunin h zalla, domin yana la'akari da yawan marubuta da matsayin suna, yana raba mutane bisa fage, kuma yana ba da lamba biyu, da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba. Ki duba tazarar da ke tsakanin biyun. Kowa yana ambaton aikinsa na baya, dole ne, amma in tazarar ta yi faɗi sosai akwai abin tambaya.

Abin da zan hana ki shi ne auna maƙala da darajar mujallar da ta fito a ciki. Ma'aunin tasirin mujalla na Eugene Garfield matsakaicin ambaton shekara 2 ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi, sauran suna ƙasa da matsakaicin. Sanarwar San Francisco da masana suka tsara a 2012 a kan wannan ta tsaya: kada a yi amfani da lambar mujalla wajen ɗaukar mutum aiki ko ƙara masa girma.

Dakta Bashir: To ga tambaya ta aiki. Na taɓa zama a kwamitin tantance masu neman tallafi, takardu jibge a gabanmu, kwana kaɗan aka ba mu, rabinsu ba fagena ba ne. A ce in karanta maƙalun kowa? In an ƙwace mini lamba, da me zan fara rage su?

Farfesa Aminu: Ba wanda ya ce a ƙwace maka, Bashir. Ka fara da ita in dole, kada ka ƙare da ita. Kuma akwai waɗanda suka rage wa kwamiti nauyin ta wata hanya. Hukumar DFG ta Jamus tun 2010 ta taƙaita yawan maƙalun da mai nema zai lissafa, ya zaɓi 'yan kaɗan da yake ganin su ne aikinsa. Hukumar NIH ta Amurka a 2015 ta koma neman mutum ya bayyana gudummawarsa har guda 5 da bakinsa, kowacce da 'yan maƙalun da ke tsaya mata. Maƙala 5 kana iya karantawa. Kuma abin da mutum ya zaɓa da kansa yana faɗa maka abu da yawa: in duk 5 ɗin na kwamiti ne, ka gane, in ya ɗauko ƙaramar takarda ya nuna maka ƙa'idar maganin da ta sauya saboda ita, ka gane.

Dakta Bashir: Na yarda da zaɓen 5 ɗin, ranka ya daɗe. Sai dai mai iya tsara magana zai fi mai aiki shiru cin riba a nan, musamman wanda Turanci ba harshensa ba ne. Shi ya sa har yanzu nake son a ajiye wata lamba a gefe da za a gwada maganar mutum da ita.

Malam Kabiru: In haka ne, Dakta, ka ajiye wadda aka daidaita da fage. A Scopus akwai wadda ke kwatanta ambaton maƙala da na takwarorinta na shekara ɗaya da fage ɗaya, inda 1 ke nufin daidai da matsakaici. NIH kuma tana da shafin iCite, kyauta ne, kana zuba lambobin maƙalun daga PubMed, rumbun maƙalun kiwon lafiya, ya ba ka irin wannan kwatancen, ya kuma ware maka ambaton da ya fito daga gwajin magani a kan mutane da ƙa'idojin asibiti. Wannan ya fi kusa da abin da Farfesa ke nema. Iyakarsa, abin da ke cikin PubMed kawai yake gani. Mujallun Afirka da yawa ba sa ciki, ba sa Scopus, don haka in wanda kake aunawa a nan yake bugawa, sai ka shiga African Journals Online ka nemo maƙalun da hannu, sannan ka buɗe ƙa'idar maganin B ta ƙasarsa ka duba ko an kafa hujja da su.